Katin da Ba Shi da Lambar Shafi

Wasiƙar Dakta Ormerod ta iso ranar Talata da safe, ina tsakiyar kankare gindin tukunyar kunun da Baba ya ɗora ya manta da ita a kan wuta. Na goge hannu a jikin riga na farke ambulan. Shekara biyu ke nan ni ke buɗe duk wasiƙar da ta zo da sunan Mista Enoch Thwaite, wato Baba, ni ke rubuta amsa, shi nasa sa hannu kawai.

Dakta Ormerod shi ne editan babban ƙamus ɗin da ake haɗawa a Landan. Ko a hanya muka yi karo ba zan gane shi ba, Baba ma bai taɓa sa shi a ido ba, amma shekara ashirin da uku gidanmu na yi masa aiki kyauta. Aikin da sauƙin faɗa. A aiko maka tsohon littafi, ko a ce ka je inda yake, ka karance shi daga bango zuwa bango. Duk inda ka ga kalmar da ta dace ka kwafe jimlar a kan ɗan kati, ka sa lambar shafi. Don rage wahala, mai karatu yakan zauna tun farko ya rubuta sunan littafin da shekararsa a saman kati ɗari ko ɗari biyu, sai ya riƙa zara yana cikewa. Idan sun taru a ɗaure da kirtani a kai gidan waya. Can su jera su bisa shekaru, su ga yaushe kalma ta shigo Turanci, me ake nufi da ita a lokacin, da yadda ta yi ta sauyawa. Ladan da ake ba ka shi ne a sa sunanka a gabatarwa, shi ke nan.

Mutumin da bai saba yabon kowa ba, sai ga shi a wannan wasiƙa yana zuba godiya har layi shida. Ya ce cikin katunan da suka tara na kalmar assist, wadda yanzu take nufin taimakawa, na Baba ya fi kowanne tsufa a ma'anarta ta asali, kuma babu wanda ya fito da ma'anar fili kamarsa. Shi za a sa a sama, sunan Baba kuma a layin farko na waɗanda aka gode wa. Abu ɗaya ne ɗan ƙarami, in ji shi: katin ba shi da lambar shafi. Tunda littafin wa'azin da aka ciro shi, bugun shekarar 1509, kwafi ɗaya aka sani a duniya, yana ɗakin littattafan cocin garinmu Harnby, a duba a aiko da lambar kafin Asabar, don ranar Litinin shafin zai shiga maɗaba'a. Ya haɗo da shafin gwaji, wato samfurin da ake dubawa kafin a buga, an ja layi a ƙarƙashin jimlar. Abin da take cewa shi ne: ban ce ka ɗauke mini ciwon ba, wannan ya fi ƙarfinka, ka zo ka tsaya a gefena kawai. Wurin tsayuwar nan kalmar take, da irin rubutun mutanen da.

Tun kafin in kai ƙarshe na san akwai matsala. Kati dubu arba'in da ɗoriya Baba ya aika, ban taɓa jin an ce ya bar lambar shafi ba. Kuma ban manta takardar da aka zagaya wa masu karatu shekara uku da suka wuce ba, a kan wani malami a kudu da aka kama ya rubuta kati da ka, bai duba littafi ba. An tsame katunansa duka, dubu tara, aka ajiye a gefe, aka goge sunansa, aka daina aika masa littafi. Da Baba ya karanta takardar nan cewa ya yi sun yi daidai, ƙamus da ƙarya ɗaya a ciki bai fi takardar naɗe kifi ba.

Abin da Landan ba ta sani ba shi ne Baban da ya faɗi haka ba shi ne ke gidan nan yanzu ba. Wannan yakan sa tabarau a kwanon man shanu, ya fita sayen tawada ya tsaya a bakin gada ya rasa hanyar gida. Abu ɗaya ya rage da ke tashinsa daga gado, ƙunshin littafin da ke zuwa daga Landan duk Litinin. Ranar yakan yi aski, ya sa kwat, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran mai kawo wasiƙa. Ni nake bin katunansa ina dubawa a ɓoye kafin in ɗaure. Sau ɗaya na yi sakaci, a hunturun bara da mura ta kwantar da ni, na ɗaure ƙunshi ban karanta ba.

Ya shigo cin abinci da hula a kai da silifa a ƙafa. Ƙanwarsa Gwaggo Keziya, wadda ke zaune da mu tun rasuwar Mama, ta riga ta kame kujerar kusa da murhu da saƙarta. Na ba shi rabin labarin, rabin mai daɗi. Fuskarsa ta washe, ya ture kofin shayi gefe.

"Kin san daga ina kalmar ta fito, Hester?"

"Na sani, Baba. Ka faɗa ya fi sau ɗari."

"Daga Faransawa muka aro ta, su kuma daga Latin. Gaɓa biyu aka haɗa, ɗaya tana nufin kusa da, ɗaya tana nufin tsayuwa. Ke nan tun asali ba ɗaukar kaya ba ne, ba miƙa kyauta ba ne, mutum ne ya zo ya tsaya kusa da kai. Daga baya aka ga wanda ya tsaya kusa ai zai sa hannu, sai ta koma taimako. Har gobe Bafaranshe idan ya halarci jana'iza da ita yake faɗa, alhali ko shebur bai taɓa ba."

"Kalmar masu doguwar hula ce," in ji Gwaggo, ba ta ɗago daga saƙa ba. "Likita da lauya su ke amfani da ita. Bari mutum ya faɗa kogi ka ji abin da zai kira. Help zai ce, 'yar gajeriya, kafin ruwa ya cika masa baki."

"Wannan tamu ce tun kaka da kakanni, Keziya, ba aro ba ce. Ba a zo kanta ba tukuna, tana harafi na takwas."

"Za su zo kanta muna kabari."

Ya yi dariya har da buga tebur, abin da na daɗe ban gani ba. Sai ya waiwaya wajen ƙofar kicin ya ce, "Tabitha ta ji labarin kuwa?" Sunan Mama ke nan, ita kuwa ta shekara bakwai da rasuwa. Gwaggo ta ci gaba da ƙirga saƙarta, ni kuma na ce masa shayinsa zai huce.

Ɗakin littattafan cocin yana saman shirayi, sai ka hau wata matsattsiyar matakala mai murɗewa. Makullin yana hannun Mista Pickersgill mai kula da coci, tsoho ne da ke jin kamar shi ya rubuta littattafan. Ya buɗe mini yana mita.

"Mis Thwaite, mahaifinki ya cinye mini hunturu guda a ɗakin nan shekara huɗu da suka wuce. Na ɗauka an gama da littafin nan."

"Layi ɗaya zan duba, Mista Pickersgill."

"Haka shi ma ya ce."

Littafin a ɗaure yake da sarƙa a jikin kanta, ba a fita da shi, ba a kuma kunna wuta a ɗakin. Shafi ɗari da tamanin da shida ne, da baƙaƙe masu kauri da suka cunkushe da juna har ido ya riƙa ruwa. Na zauna da safar hannu ina bin layi da yatsa. Na yi wa kaina alkawari ba zan yi gaggawa ba, amma duk shafin da na juya sai in ƙara sauri. Ranar Talata na kai shafi na sittin haske ya ƙare. Ranar Laraba na gama littafin, ban ga komai ba. Na ce idona ne ya tsallake, don ƙarfe biyu na yi na fara jin jiri saboda yunwa.

Da na koma gida Baba ya tare ni a bakin ƙofa, ya tuna, abin haushi, ranar da nake fatan ya manta.

"Kin samo?"

"Saura kaɗan, Baba. Rubutun ne ƙanana."

"Ki bi a hankali. Kada ki yarda da idonki, ki karanta a fili."

Ranar Alhamis na sake farawa daga shafin farko, ina karantawa a fili kamar yadda ya ce, muryata tana yawo a ɗakin har Mista Pickersgill ya leƙo ya tambaya ko addu'a nake yi. Tun kafin in kai tsakiya jikina ya ba ni. Limamin da ya rubuta littafin nan ba ya magana haka. Mutum ne mai zafin rai, daga wutar lahira sai zagin mashaya da masu gyangyaɗi a coci. Babu inda ya taɓa roƙon wani ya tsaya a gefensa. Na rufe littafin ƙarfe uku, yatsuna sun sandare, na zauna ina kallon sarƙar. Tsoro nake ji, kuma haushin Baba nake ji, Allah ya yafe mini, har da haushin kaina da murar da ta kwantar da ni.

Fata ɗaya ta rage. Mai yiwuwa daga wani littafin ya ciro jimlar, ya zari katin da ke da sunan wannan bisa kuskure. Idan haka ne abin da sauƙi, a gyara suna da shekara, a ba da haƙuri. Na tarar da shi yana barcin rana a kujera, na shiga ɗakin karatunsa na jawo aljihun tebur na ƙasa, inda yake zuba ragowar katunan da aka yi wa kai ba a cike ba.

A nan na gan su. Kati goma sha ɗaya, a ɗaure da zaren ulu ja, kowanne da sunan littafi dabam da shekara dabam a sama, wani 1509, wani 1580, wani 1640. Jimla ɗaya ce a kansu duka, wadda ke kan shafin gwaji, da rubutun Baba, babu lambar shafi ko a ɗaya. A ƙarƙashinsu akwai wasiƙa da ta sha naɗi har ta fara rabuwa. Tun kafin in buɗe na gane hannun Mama.

Na san yadda take tsokanarsa. Takan ce mijinta ba ya jin magana sai ta shekara ɗari huɗu, don haka idan tana so ya sayo sukari sai ta rubuta masa da Turancin mutanen da ta ajiye a kan littafinsa. Wannan ma haka ta rubuta ta, daga Whitby, gidan yayarta a bakin teku, inda aka kai ta jinya. Ta ce tunda ya cika mata kunne da asalin kalmar nan, to ga ta tana roƙonsa da ita. Sai jimlar. A ƙasa ta ce likita na cewa ba gaggawa, amma ita ta fi likita sanin jikinta.

"Na san wata rana za ki buɗe wurin nan."

Gwaggo ce a bakin ƙofa. Ta shigo ta turo ƙofar, ta zauna a kan akwatin katuna tana nishi.

"Kina makarantar 'yan mata a York lokacin, shi ya sa ba ki sani ba. Ranar Laraba wasiƙar ta zo, ina nan na zo ganinsa. Akwai wani littafin aro a hannunsa da mai shi ya ce a mayar ranar Juma'a. Ya ce zai ƙarasa, ya hau jirgin ƙasan Asabar. Na ce Enoch, ajiye takardun nan ka tafi. Ya ce saura shafi arba'in. Ta cika ranar Juma'a da hantsi."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"In gaya miki ki yi me? Ki tsane shi? Ai shi ya riga ki." Ta ɗauki kati ɗaya ta nisanta shi da ido. "Tun bara nake ganinsa. Ya zauna zai yi aiki, ya zari kati, hannunsa ya rubuta wannan. Shekara ashirin duk abin da ya taɓa masa rai kati yake sa shi, yanzu kuma kan ya kwance, ya daina bambance littafi da wasiƙa."

"Gwaggo, sun sa shi a sama. Ranar Litinin za a buga."

"To ki ba su lamba mana."

Na kalle ta. Matar da ba ta fashin coci, wadda ta taɓa mayar da ƙwai biyu kasuwa don an ƙara mata bisa kuskure.

"Kada ki zuba mini ido, 'yar nan. Littafin ɗaya ne a duniya, yana ɗaure da sarƙa, makullin yana aljihun Pickersgill. Wa zai taso daga Landan ya hau matakalar nan? Ki faɗa musu gaskiya su tsame katunansa, su daina aiko ƙunshi, ki ga ko zai kai Kirsimeti. Ni na wanke gawar uwarki, ba na marmarin ta ubanki yanzu."

"Ƙarya ce fa, a cikin ƙamus. Yara za su karanta ta a makaranta."

"Wace ƙarya? An faɗi maganar, an kuma faɗe ta da gaske. Shekarar ce kawai ba daidai ba. Tabitha ta fi limamin nan cancantar shiga littafi."

Na ce mata ba haka ake aikin ba, na ɗaga murya har na ji kunya. Ta tashi ta kakkaɓe siket ta ce ita dai ba ta yi makaranta mai zurfi ba, amma ta san wanda zai riƙa ɗebe kwanon da Baba bai ci ba in aka daina aiko ƙunshi.

Ranar Juma'a ita ce ta ƙarshe, don wasiƙar da za ta isa Landan Asabar dole ta shiga akwatin gidan waya kafin ƙarfe huɗu. Tun safe na rubuta ta gaskiya sau biyu na yaga. Na ƙona burodi, na yi wa mai kawo madara tsawa ba laifin komai. Duk inda na juya sai in ga Baba, yana cikin kwanakinsa masu kyau, yana fito yana jera alƙalumansa, yana tambayar Gwaggo ko sunansa zai zo kafin na wani fasto a Durham da suke gasa shekara da shekaru. Ƙarfe biyu da rabi na zauna na rubuta layi uku. Na ce an duba, jimlar tana shafi na casa'in da bakwai. Lambar da ta fara zuwa kaina ke nan. Ban ko yi jinkiri ba, wannan ya fi ba ni tsoro.

Na kai masa ya sa hannu kamar kullum, na dafe saman takardar da tafin hannu, na miƙa masa alƙalami. Ya karɓa, ya tsoma a tawada, sai ya tsaya.

"Wannan ta tabbatar da kati ce?"

"Ita ce, Baba. Sa hannu nan, lokaci na tafiya."

"Ba a tabbatar da kati a gidan nan sai an karanta a fili. Ke ki karanta, ni in saurara. Wa ya koya miki aiki?"

"Na riga na karanta a coci."

"Ban ji ba. Ɗauko shafin gwajin."

Gwaggo ta daina saƙa. Na ɗauko shafin, na karanta sunan littafin da shekara. Ya gyaɗa kai.

"Shafi?"

"Casa'in da bakwai."

Ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa yara lokacin yana koyarwa.

"Daga shafi na tamanin da takwas har ɗari da biyu mutumin nan masu gyangyaɗi a coci yake zagi. A casa'in da bakwai ne ya ce a riƙa zungurinsu da sanda. Akwai tabon kyandir a kusurwar ƙasa." Mutumin da bai san abin da ya ci da safe ba ke nan. "Karanta jimlar."

"Baba, don Allah."

"Karanta, Hester."

Na karanta. Mutane sun sha cewa muryata ta Mama ce, ban taɓa jin haushin hakan ba sai ranar. Da na kai wurin tsayuwa a gefe sai ya ajiye alƙalamin a hankali. Agogon bango ya buga uku.

"Wannan ba limami ba ne," ya ce. "Tabitha ce."

"Na sani."

"Ni na aika?"

"A hunturun bara. Laifina ne, ban duba ƙunshin ba."

"Saura shafi arba'in," ya ce, ba da ni yake ba. Ya cire tabarau ya riƙe a cinya. Sai ya jawo takardar da na rubuta ya karanta layi ukun, ya ninka ta biyu, ya miƙa wa Gwaggo. "Sa a wuta, Keziya. 'Yata ba ta taɓa rubuta wannan ba."

"Enoch, ka san abin da za su yi maka," in ji Gwaggo.

"Na sani. Ni na ce sun yi daidai."

Na durƙusa a gaban kujerarsa. Na ce ya bari in rubuta cewa ni ce na cike katin, ni na yi kuskuren, ba wanda ya san ni a Landan, ba abin da za a goge. Ina magana ina kuka, abin da na tsana a gaban mutane.

"Rubutun wa ke kan katin?"

"Naka."

"To. Ba su ne masu maganar nan ba, Hester. Ni ta rubuta wa. Ba zan bari a buga ta a ƙarƙashin sunan wani da shekarar ƙarya ba, kowa ya karanta ya wuce. Ba ni takarda."

Shekara biyu bai rubuta wasiƙa da kansa ba. Ya fara, "Zuwa ga Dakta Ormerod," alƙalamin ya tsiyaya, ya ɓata layi. Ya sake. Ya tsaya a tsakiyar jimla yana neman kalma, leɓensa na motsi, ni ina kallon agogo, uku da kwata, uku da rabi. Da na ga ya rubuta sunan wata ba daidai ba na miƙa hannu zan karɓi alƙalamin.

"Kada ki taɓa," ya ce. "Kada kuma ki tafi. Tsaya nan inda kike."

Na tsaya a bayan kafaɗarsa, hannuwana a naɗe don kada su yi abin da ba a sa su ba. Layi bakwai ya rubuta. Ya ce katin ba daga littafin wa'azi yake ba, daga wasiƙar gida ne, shi ya kwafe shi bisa kuskure saboda ƙwaƙwalwarsa ta fara gazawa. Ya ce a cire shi, kuma a sake duba duk abin da ya aika a shekaru ukun nan. Ya sa hannu, ya sa na karanta masa a fili, ya gyara sunan watan da kansa. Muka fita tare, shi da silifa, ban ma lura ba sai a hanya. Saura minti biyar muka isa gidan waya, shi ya liƙa kan sarki, shi ya jefa.

Amsar ta zo ranar Laraba ta sama, cikin ladabi ƙwarai. Dakta Ormerod ya ce an cire jimlar a kan lokaci, ya gode da gaskiyar Mista Thwaite, yana kuma baƙin cikin cewa doka ɗaya ce ga kowa. Za a ajiye katunan a gefe har a samu wanda zai bi su, sunan kuma sai an gama, kafin nan ba za a ƙara aiko littafi ba. Ban karanta wa Baba ba, don zuwa lokacin ya manta ya rubuta wata wasiƙa. Na sa ta a aljihun tebur na ƙasa tare da ta Mama.

Ranar Litinin ya tashi da wuri ya yi aski, ya yanke haɓa a wuri biyu, ya sa kwat ya fita bakin ƙofa. Ina kicin na ɗora kunu, na hango shi ta taga na fita. Mai kawo wasiƙa ya zo ya ɗaga mana hula ya wuce gidan gaba.

"Hester, ƙunshin bai zo ba?"

"Bai zo ba, Baba."

"Wataƙila jirgi ne ya makara. Mu ɗan ƙara jira."

Gwaggo ta ƙwanƙwasa gilashin taga tana nuna mini murhu. Ina jin ƙaurin kunun har bakin ƙofa. Na gyara masa wuyan kwat, na tsaya.